Wayar da Malam Irmiya Ya Zura ta Taga

A wani gari na gindin dutse, inda motar haya ba ta cika zuwa ba sai ranar kasuwa, akwai wani mutum mai gyaran kayan lantarki, sunansa Malam Irmiya. Ya koyi sana'ar a makarantar fasaha tun yana saurayi, ya yi aiki a birni shekaru masu yawa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya komo gida, ya buɗe ɗan shago kusa da majami'a. Rediyo, lasifikar coci, inbatar masu sola, duk wurinsa ake kawowa. Mutum ne mai gaskiya, gari duka ya shaida. Sai dai yana da wani hali: in kana yi masa magana, kafin ka kai tsakiya ya riga ya shirya amsa.

A shagon nasa akwai wata tsohuwar na'urar awo da ake kira osiloskop. Akwati ce mai ɗan gilashi a gaba, kamar ƙaramar talabijin. In aka jona mata waya daga wani inji, sai ta zana hoton wutar da ke gudana cikin injin da wani koren layi, mutum ya ga yadda wutar take hawa da yadda take sauka. Malam Irmiya ya amince da na'urar nan fiye da yadda ya amince da mutane da yawa. Yakan dafa ta ya ce, "Wannan ba ta san son kai ba."

'Yarsa ta ƙarshe, Liyatu, wadda yake kira Auta, ta auri wani saurayi mai suna Filibus, shi ne mai kula da injinan ƙaramin asibitin garin. Malam Irmiya ya ba da ita da hannunsa, amma zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da yaron ba. Yana ganinsa mai gaggawa, irin 'yan zamanin nan da ke koyon gyara a wayar hannu. Shi kuwa Filibus, kunyar suruki ta hana shi sakewa. In sun haɗu sai ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa, duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce: "To, Baba." Malam Irmiya kuwa ya ɗauka wannan gajeriyar amsa ita ce iyakar abin da ke cikin kan yaron.

Ana nan cikin damina sai injin sikanin na asibitin ya tsaya, wato injin da ake duba mata masu ciki da shi. Shi kaɗai ne a duk yankin. Filibus ya buɗe shi, ya gano matsalar a wani fanel, wanda aikinsa shi ne ya riƙa buga wa sauran sassan injin lokaci, kamar yadda makaɗi yake ba manoma kiɗa a gayya don fartanya ta sauka tare. Ya canza waɗansu ƙananan kaya, ya liƙe da dalma, injin ya tashi.

Amma dattawan kwamitin asibitin ba su ji daɗi ba da suka ji yaro ya buɗe cikin injin. Suka ce a sami wanda ya san abin ya auna aikin. In ya yi kyau, shi ke nan. In bai yi ba, a rufe injin a aika da shi birni, a kuma sallami Filibus a nemi wani. Suka zaɓi Malam Irmiya.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Surukinsa ne fa."

Shugaban kwamitin ya yi dariya ya ce, "Ai shi ya sa. Wa bai san yadda suke ba? In Malam Irmiya ya ce aikin yaron nan ya yi kyau, ni ba ni da sauran tambaya."

Ranar da kwamitin zai zauna da la'asar, Malam Irmiya ya ɗaure na'urarsa a bayan babur da hantsi, ya nufi asibitin. A ƙofar ɗakin dubawa ya tarar da Sista Keziya, babbar ungozoma. Ita 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, tun suna yara ba ta raga masa.

Ta ce, "Tsoho mai ƙarfin hali! Wa ya ɗaura maka kayan nan, ko kai da kanka? Shigo, ga injin can."

Ya leƙa kaɗan. Mata ne cike da benci, waɗansu da goyo, ga labule an ja a kan gado. Can ƙarshen benci kuwa sai ya hango zanen Auta. Ita ma tana layi, cikinta na fari, cikin da har yau bai nuna ya san da shi ba. Ya ja da baya da sauri kamar ya taka garwashi.

Ya ce, "A fito mini da injin waje."

"Injin nan ba ya fita. Tayarsa ɗaya ta karye, kuma matan nan daga ƙauyuka suka tako da ƙafa, ba zan tsayar da layi ba. Shigo mana, rabinsu kai ka koyar da su a Sande Sikul."

"Shi ya sa ba zan shiga ba. Da furfurata?"

"To, furfurar ta auna injin daga nan."

Haka kuwa aka yi. Aka kawo masa tebur a baranda, ƙarƙashin tagar ɗakin. Ya buɗe jakarsa ya ciro wata doguwar wayar awo, baƙa, mai saƙar ƙarfe a ciki, wadda ta rage masa tun zamanin aikin birni. Ya warware ta, ya jona baki ɗaya a na'urarsa, ya zura ɗayan ta taga. Daga ciki Filibus ya karɓa da hannu biyu, ya bi da ita ta jikin bango, ya zagaya bayan kabad, har ta kai ga injin. Da aka gama duba wata mata, kafin a kira ta gaba, ya jona ta a wata 'yar kafa da masu ƙera injin suka tanada don awo.

Malam Irmiya ya murɗa maɓallai, ya kāre gilashin da tafin hannu saboda hasken rana. Ya san abin da ya kamata ya gani. Lafiyayyen fanel yana zana layi mai kama da matakala: ya hau tsaye, ya miƙe sumul, ya sauka tsaye, ya sake miƙewa. Abin da ya fito kuwa daban ne. A kowace kusurwa layin ya yi tsalle ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya yi ƙaho, sa'an nan ya bi yana rawa kamar igiyar shanya da iska ta kaɗa. Tsayinsa ma ya wuce misali.

Malam Irmiya ya daɗe yana kallo. Ya san Auta ce za ta kwana da kuka. Amma a wani lungu na zuciyarsa akwai wata 'yar murya da ta ce, "Ai na faɗa."

Sista Keziya ta leƙo ta taga. "Me ka gani? Fuskarka kamar an ce maka kunu ya ƙare."

Ya ce, "Aikin bai yi ba. Dubi ƙahonin nan."

"Ni ban san ƙaho ba. Na dai san da safen nan na ga zuciyar jariri tana bugawa a injin nan tas."

"Yau kenan. Wuta mai irin wannan tsalle, a hankali take cin kaya. Wata rana kina tsakiyar duba wata zai mutu a hannunki, ya tafi da abin da ba ya gyaruwa."

Daga bayanta muryar Filibus ta fito, ƙasa-ƙasa. "Baba, ko da za a ɗan..."

"Na gani da idona."

"To, Baba."

Sista Keziya ta ce, "Haba, Irmiya, bar shi ya ƙarasa mana."

"Me zai ƙarasa? Hoto ya riga ya ƙarasa masa."

Matan da ke hira a benci suka yi shiru, gama taga a buɗe take, kowa ya ji. Malam Irmiya bai ɗaga kai ba, don ya san Auta ma ta ji.

Ya zauna yana shirya abin da zai faɗa wa kwamitin. Ba zai ɓoye ba, bai taɓa ɓoye gaskiya don ɗan'uwa ba. Amma ya tuna dattawan nan manoma ne, da malamin firamare guda. In ya nuna musu ƙaho, ba za su san aibinsa ba sai sun ga yadda lafiyayyen layi yake. Sai ya sake laluba jakarsa ya ciro wani ɗan akwati mai batir. Shi da kansa ya haɗa shi a birni, yana fitar da sigina mai sauri, mai tsabta, irin wadda ake gwada na'ura da ita. Yana alfahari da akwatin nan. Don kada wani ya ce ya yi wa yaron rashin adalci, ya ga ya kamata a gwada akwatin a daidai inda aka gwada injin, da waya ɗaya. Ya miƙa shi ta taga.

Ya ce wa Sista Keziya, "A cire wayar daga injin, a jona a nan. Zo waje ki ga yadda aikin kirki yake."

Ta zagayo baranda tana goge hannu. Filibus ya jona. Malam Irmiya ya gyara zama, ya dubi gilashin.

Ga ƙahonin nan, a kowace kusurwa, ga rawar nan tana binsu.

Ya murɗa wani maɓalli, ya mayar. Ya matse bakin wayar. Ba abin da ya sake.

Sista Keziya ta sunkuyo ta ƙura ido. Ta ce, "Yo ai ga ƙahon nan dai. Wannan kuma aikin wane sakarai ne?"

Malam Irmiya ya ce, "Nawa ne."

Ta kama bakinta da hannu, kafaɗunta suna rawa. Bai kula ta ba. Ya sa aka miƙo masa akwatin, ya ajiye shi a kan tebur dab da na'urar, ya jona da gajeriyar wayar da ya saba aiki da ita a shago, wadda ba ta fi tsawon tafin hannu da yatsu ba. Layin ya fito kamar matakala, sumul. Ya jawo bakin doguwar wayar daga taga ya jona akwatin da ita. Ƙaho ya dawo. Akwati ɗaya, na'ura ɗaya, waya ce kawai ta bambanta.

A nan ne wani abu da ya sani tun yana makaranta, wanda shekarun gyaran rediyo da inbata suka binne, ya taso masa.

Ga yadda abin yake. An ƙera bakin osiloskop irin tasa don kada ya sha kome daga wutar da yake aunawa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yana kallo ne kawai, ba ya karɓa. In wutar mai tafiya a hankali ce, ko wayar gajera ce, wannan ba ya kawo matsala. Amma sigina mai saurin gaske, in ta bi doguwar waya ta iso ƙarshe ba ta sami mai karɓarta ba, ba ta da wurin zuwa. Sai ta juya ta koma, kamar yadda muryar mai kira take dawowa daga jikin dutse. Ta koma ta bugi injin da ya aiko ta, ta sake juyowa, ta haɗu da sabuwar da ke tafe, su cakuɗe. Wannan cakuɗar ce take fitowa a gilashi kamar ƙaho da rawa.

Maganin kuwa ƙarami ne. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi gaɓar babban yatsa ba. Ana ɗaura shi a bakin na'urar da wani ɗan mahaɗi mai baki uku: baki ɗaya na na'ura, ɗaya na waya, ɗaya nasa. An auna shi daidai da irin wayar nan, om hamsin a ma'aunin masu lantarki, yadda duk abin da ya iso zai shanye shi, kada kome ya koma. Waɗansu sababbin na'urori suna da shi a cikinsu, maɓalli kawai ake dannawa. Tsohuwa irin ta Malam Irmiya ba ta da shi, sai an ƙara mata daga waje. Shi Malam Irmiya, tun a birni, ɗan hamsin yake ce masa.

Ya juye jakarsa a kan tebur. Ga sukudireba, ga dalma, ga tsofaffin fiyus, har da goron da ya bushe. Babu ɗan hamsin. Ya manta rabon da ya buƙace shi.

Ya yi gyaran murya. Tun da aka ɗaura auren Auta bai taɓa roƙon Filibus ko allura ba.

Ya ce, "Keziya, tambayi mutumin nan ko..."

"Ga shi can da kunnuwansa biyu. Ni ungozoma ce, ba 'yar aike ba."

Malam Irmiya ya dubi tagar. Ya sake gyaran murya. "Mijin Auta."

"Na'am, Baba."

"Kana da ɗan ƙarfen nan na om hamsin, da mahaɗinsa?"

Kafin ya rufe baki hannu ya fito ta taga, tafi a buɗe, ɗayan hannun yana tallafe da shi. Ga ɗan ƙarfen, an riga an ɗaura shi a mahaɗi. Da Malam Irmiya ya ɗauka sai ya ji shi da gumin hannu.

"Tun yaushe yake hannunka?"

"Tun da na ga tsawon wayar, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

Sista Keziya ce ta amsa. "Ya faɗa. Rabi ya faɗa, ka mayar masa da kayansa." Ta miƙa hannu. "Kawo in kai masa ya sa a jikin injin, tun da can ne ake zargi."

Malam Irmiya ya girgiza kai. "Ba can ba. In aka sa shi can, wannan bakin yana nan a buɗe, zai ci gaba da mayarwa. A nan ake sa shi, a wurin mai karɓa."

Ya cire wayar, ya murɗa mahaɗin a bakin na'urarsa, ya mayar da wayar a gefensa. Ya fara gwada akwatinsa. Ƙahonin sun ɓace. Ya sake zura wayar ta taga, ya ce a jona ta a injin. Aka jira har aka gama duba matar da ke kan gado. Bai taɓa jin jira ya yi masa tsawo haka ba.

Filibus ya ce, "Na jona, Baba."

Koren layin ya hau tsaye, ya miƙe, ya sauka tsaye. Babu ƙaho, babu rawa. Kusurwoyin sun fito kamar magini ya sa musu ma'auni.

Sista Keziya ta ce, "Kai, amma ya rage tsawo! Ɗazu ya fi haka. Ko ƙarfinsa ne ya tafi?"

Malam Irmiya ya bi layukan gilashin da farce yana dubawa. Ya ce, "Wannan ne tsayinsa na gaskiya, daidai yadda ya kamata. Ƙarin da kika gani ɗazu, abin da na'urata ta mayar ne yake dawo mata."

Sai ya jingina da bango ya saki wani dogon numfashi, kamar wanda ya sauke buhu daga ka. Ya cire hularsa ya share gumi. Ya ce, "Na gode maka, ya Ubangiji. Na gode da ba ka bar ni na kai la'asar da wancan hoton ba." Daga cikin ɗakin aka ji wata ta fashe da dariya mai haɗe da kuka, matan benci suna ce mata, "To, ya isa, Liyatu, ya isa." Hira ta dawo ɗakin kamar an buɗe famfo.

Da ya kai hannu zai gyara wayar, yatsansa ya taɓa ɗan hamsin. Ya ji ya ɗan yi ɗumi. Abin da yake shanyewa ne yake zama zafi a jikinsa.

Ya ce, "Mijin Auta, fito waje."

Filibus ya zagayo ya durƙusa a gefen tebur. Malam Irmiya ya tura masa kujera da ƙafa. Yaron ya ƙi zama, sai da Sista Keziya ta danna kafaɗarsa.

"Gaya mini abin da ka tarar a injin nan, da abin da ka yi. Daga farko."

Filibus ya fara da in'ina. Bakin Malam Irmiya ya yi ta motsi, amsoshi suna zuwa masa kamar kullum, amma ya danne su, ya riƙe gemunsa da hannu. Da yaron ya ga ba a katse shi ba, sai muryarsa ta zauna. Ya faɗi yadda ya bi matsalar sashe-sashe, da abin da ya fara zargi ya ga ba shi ba ne, da dalilin da ya sa ya zaɓi kayan da ya sa. Magana ce mai tsari, ta mutumin da ya yi tunani kafin ya taɓa. Malam Irmiya ya ji ta har ƙarshe, ya yi mamaki, gama bai taɓa sanin yaron yana da magana mai tsawon haka ba.

Da la'asar ya tsaya gaban kwamitin ya ce, "Aikin ya yi kyau. Da ni aka ba, da ban yi fiye da haka ba. Ku bar injin a inda yake, ku bar mai kula da shi a inda yake."

Shugaban ya ce, "Mun ji da hantsi an ce ka ga matsala."

"Na gani. A wajena take. Saura kaɗan in kawo muku shaidar ƙarya da zuciya ɗaya."

Dattawan suka amince, Filibus ya ci gaba da aikinsa. A bakin ƙofa Malam Irmiya ya miƙa masa ɗan ƙarfensa. Filibus ya ce, "Baba, ka riƙe, ina da wani." Tsohon ya juya shi a tafin hannu, ya sa a aljihun gaba, ya ce, "To. Na karɓa."

Yanzu ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa.

Injin da ke cikin ɗaki shi ne mutumin da yake yi maka magana. Doguwar wayar ita ce nisan da ke tsakaninku. Wani nisan na shekaru ne, wani na kunya, wani na tsohon ɓacin rai, wani kuwa na saƙon da ake aikawa ta bakin wani ko ta wayar hannu. Bakin na'urar kuma kunnenka ne. Da yawa daga cikinmu an ƙera mu kamar na'urar Malam Irmiya: muna kallon mutum, muna auna shi, amma ba ma karɓar kome daga gare shi. In zancen na gaisuwa ne da farashin taki, ba a ganin aibin wannan. Sai ranar da magana mai zafi ta taso da sauri daga nesa. Ta iso ta tarar ba mai karɓa, ta koma wa mai ita. Shi kuma ya ji an mayar masa, ya sake turowa da ƙarfi, ko ya haɗiye ya ce, "To." Kai kuma ka dubi abin da ya fito ka ce, "Dubi halinsa." Alhali rabin abin da kake gani naka ne.

Ku lura, na'urar ba ta yi ƙarya ba, Malam Irmiya ma bai yi niyyar ƙarya ba. Mutum mai gaskiya yana iya hallaka sunan ɗan'uwansa da abin da ya gani da idonsa.

Yaya za ka gane ko ƙahon naka ne? Ka yi abin da tsohon nan ya yi ba da niyya ba, ka gwada wani. In matarka mai taurin kai ce, ɗanka mai taurin kai ne, maƙwabcinka haka, shugabar zumuntar mata haka, har fasto ma haka, kuma taurin kan nasu duk kama ɗaya yake, to, ka duba bakin na'urarka. Da wuya Allah ya tara maka mutane masu lahani iri ɗaya.

Ba ina cewa kowane ƙaho na ƙarya ne ba. Akwai injin da ya lalace da gaske, akwai mutumin da yake cuta da gaske, kuma wanda ake zalunta ba a ce ya yi shiru ba. Da fanel ɗin Filibus yana da matsala, da ta fito ko bayan an sa ɗan hamsin, ta fito a sarari ma fiye da dā. Karɓa ba ta hana hukunci. Ita ce take sa hukuncin ya zama na gaskiya. Sau da yawa kuwa, in ka ji magana har ƙarshenta ba ka mayar ba, za ka tarar ta rage tsawo. Abin da ka ɗauka raini ne, ashe tsoro ne. Abin da ka ɗauka zagi ne, ashe gajiya ce.

Wurin da ake sa ɗan ƙarfen kuma, kada ku manta da shi. Dukanmu mun fi so a kai shi can ɗaya ƙarshen, a gyara mai magana, ya koyi ladabi, ya sassauta murya. Amma ba daga can ake tsayar da abin da ke komawa ba. Daga wurin mai ji ne. In kai ne babba, kai ne uba, ke ce uwar miji, kai ne dattijon ikilisiya, nauyin ya fi yawa a kanka, gama na ƙasa da kai yana iya riƙe maganin a tafin hannunsa tun safe, kunya ta hana shi miƙowa.

Abin yana da zafi, ba zan ɓoye muku ba. Maganar da ka karɓa ba ka mayar ba, ba ɓacewa take yi ba, a jikinka take zama. Shi ya sa ba ma iyawa da ƙarfin kanmu. Ba a haife mu da wannan abu a cikinmu ba, sai an ƙara mana daga waje. Ubangijinmu Yesu ne ya karɓi zagi da duka da dukan muguntar da muka tura masa, ta ƙare a jikinsa, bai mayar da ko kaɗan ba. A wurinsa ake roƙon irin wannan zuciya, kuma ba ya jan rai kafin ya bayar.

Saboda haka kowa ya tuna da mutum guda, wanda ka riga ka yanke wa hukunci a ranka, wanda kana jin muryarsa amsarka take tasowa. Kafin Lahadi ta zagayo, ka neme shi. Ka yi addu'a tukuna, sa'an nan ka tura masa kujera ka ce ya faɗa maka daga farko. In ya cancanta ka riƙe bakinka da hannu, ka riƙe. Kada ka ce kome sai ya kai ƙarshe. Mai yiwuwa ka tashi daga wurin kana gode wa Allah da ya tare ka kafin ka kai ƙarar marar laifi.